Dajin Jami'a da Gonakinmu



Kwanakin baya mun yi taron bita da mata a wani ƙauye da ke kan hanyar Jega zuwa Maiyama. Muna cikin magana a kan tsadar itacen girki da nisan da ake yi kafin a samo shi, sai wata dattijuwa ta ce, "'Ya'yana, kullum kuna cewa a rage saran icce. Na gona dai na ji, wannan yana da mai shi. To na filin gwamnati fa, irin na jami'a da na gandun daji? Ai wannan ba na kowa ba ne. In ni ban sara ba, wani zai sara kafin gobe." Mata da yawa suka ce, "Gaskiya ne, Mama."

Ba mu ga laifinta ba. Ita ce take fita da sassafe da gatari da gammo, ita ce kuma za a tambaya in tuwo bai sauka ba. Amma maganarta ta tsaya mana a rai, gama duk abin da aka ce ba na kowa ba ne, shi ne yake fara ƙarewa. Saboda haka muka ga ya kamata a wannan fitowa mu yi bayani a kan filin itatuwa irin na jami'a: amfaninsa ga manomin da bai taɓa shiga aji ba, abin da yake cinye shi, da yadda za a kiyaye shi har a mayar da abin da ya ɓace.

Filin da muke magana a kai

An kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kebbi a Aliero a shekarar 2006, a zamanin Gwamna Muhammadu Adamu Aliero. Daga baya aka sauya mata suna zuwa Jami'ar Abdullahi Fodiyo. Tana da tsangayar aikin gona inda ake koyar da ilimin gandun daji tare da noma da kiwo, tana kuma da gonar koyarwa da bincike a fadamar Jega.

Bisa ga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna a matsayin amana domin jama'a. Idan gwamnati ta ba makaranta fili, to filin nan yana da mai kula da shi a gaban doka, kuma shiga a sari itace ba tare da izini ba laifi ne. Amma mu lura da kalmar amana. Abin da aka riƙe amana yana da masu shi, masu shi kuwa su ne jama'a, har da mu da jikokinmu.

Me jami'a take yi da daji? Kamar yadda ɗalibin likita yake bukatar asibiti, haka ɗalibin gandun daji yake bukatar itatuwa masu rai da zai gane su da suna, ya auna girmansu, ya ga yadda suke toho bayan an sare su. Irin wannan bincike yana cin shekaru. Malami zai iya auna itatuwan wuri ɗaya shekara goma, gobarar dare ɗaya ta shafe aikin duka. Ban da haka, filin da garma ba ta shiga kowace shekara yakan riƙe itatuwan da suka yi wuya a gonaki, irin su marke, ƙirya, maɗaci, taura da ɗinya.

Abin da daji yake yi wa gonar maƙwabci

Na farko, daji rumbun iri ne. Gawon da ya tsiro a gonarka ba tare da ka shuka ba, daga wani wuri ya zo. Akuya ko saniya ta ci 'ya'yansa a gindin wani babban gawo, ta zo ta kasayar da ƙwayar a gonarka. Tsuntsaye da jemagu da iska suna yin irin wannan aiki ga wasu itatuwa. Idan uwayen itatuwa suka ƙare, babu inda sabbi za su fito.

Na biyu, daji yana karya ƙarfin iska. Duk mai noman gero ya san iskar farkon damina, wadda take kwaso yashi ta yanke shuka ko ta binne ta, har mutum ya sake shuka sau biyu ko uku. Inda akwai itatuwa a gaban iska, tana isowa gona da sauƙi.

Na uku, ganyen da ya zuba da saiwar da ke ƙasa suna sa ruwan sama ya nutse a hankali maimakon ya gudu da ƙasar sama. Ruwan da ya nutse shi ne muke janyowa daga rijiyoyin lambu da rani. A bakin gulbi kuma, saiwar itatuwa ce take riƙe gaɓa. Itace ba zai hana ambaliya irin ta 2020 ba, wadda ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi, amma gaɓar da ba ta da itace ita ce take fara zubewa.

Na huɗu ya shafi mutanen Aliero musamman. Albasar da aka bari domin iri ba ta ba da ƙwaya mai yawa sai ƙudan zuma da sauran ƙwari sun yi ta yawo daga fure zuwa fure. Ƙudan zuma kuwa a kogon itace yake zama, furannin daji yake ci a watannin da babu fure a lambu. Mai sayar da irin albasa yana cin moriyar daji ko da bai sani ba.

Sai kuma abin da ke shiga tukunya da aljihu: kuka, kalwar daddawa daga ɗorawa, man kaɗe, tsamiyar kunu, aduwa, magarya, da saiwa da ɓawon magani. Yawancin wannan kuɗin mata ne.

Abin da yake cinye daji

Ba mutum ɗaya ba ne, ba kuma rana ɗaya ba. Gidaje suna bukatar itacen girki, haka gidajen burodi da masu tsire. Ana bukatar sanduna domin rufin ɗaki da wurin ajiye albasa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuma farashin gas da kananzir ya hau, mutanen gari da yawa sun koma gawayi. Mai ƙona gawayi kuwa itace mai nauyi yake nema, kamar ƙirya da marke, waɗanda suke daɗewa kafin su girma.

Gobarar daji ta fi gatari ɓarna ga ƙananan itatuwa. Yaro ya sa wuta domin ya kama gafiya, sai ta ƙone tsiron shekara uku. Dabbobin da aka sake ba tsari suna cinye toho tun yana ƙarami. Akwai kuma ɗabi'armu ta sassabe, inda muke ganin gonar manomin kirki ita ce wadda aka share tas, aka tone kututture aka ƙone.

Dattawanmu sun ga farin 1973 da na 1984. Sun san cewa ƙasar da aka tuɓe wa itatuwa ba ta jure shekarar ƙarancin ruwa.

Ayyuka uku da malaman daji suke rarrabewa

Masu ilimin gandun daji sukan raba fili kashi uku, kowane kashi da irin aikinsa.

Kashi na farko na kiyayewa ne. Nan ne uwayen itatuwa suke, da bakin rafi, da wuraren da ake bincike. Ba a sara, ba a kiwo, ba a sa wuta. Kamar irin shuka ne da aka ware a rumbu, wanda ko yunwa ta yi tsanani mai hankali ba ya taɓa shi.

Kashi na biyu na amfani ne cikin tsari. Ƙa'idarsa ɗaya ce: kada abin da aka ɗiba a shekara ya wuce abin da ya girma a shekarar. Misali, ana iya raba wurin gida biyar, a sari gida ɗaya bana, a bar shi ya huta shekara huɗu kafin a dawo kansa. Sabara, geza da kalgo suna sake toho da sauri in an sare su da kyau. Busasshen itace, ciyawa da 'ya'yan itace ana iya ɗibarsu a ranakun da aka tsayar.

Kashi na uku na farfaɗowa ne, wato wurin da ya riga ya lalace, ya zama fako ko kwazazzabo. Yawancinmu idan aka ce farfaɗo da daji, dashe ne yake zuwa mana a zuciya. Mun ga bukukuwan dashen itatuwa da yawa, manya su zo su dasa, a ɗauki hoto, kafin bazara awaki da rana sun gama da su. Akwai wata hanya da ta fi araha, maƙwabtanmu na Nijar ne kuwa suka nuna ta.

Darasi daga Maraɗi

A farkon shekarun 1980, wani ma'aikacin mishan na SIM ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, yana aikin dashen itatuwa a yankin Maraɗi. Yawancin abin da ya dasa mutuwa yake yi. A shekarar 1983 ya tsaya ya duba ƙananan tsire-tsiren da manoma suke sharewa kowace bazara, sai ya gane ashe tohon tsofaffin itatuwa ne da aka sare, waɗanda saiwarsu take nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Saiwar ta riga ta kai inda laima take. Abin da ya rage shi ne a rage tohon, a bar masu ƙarfi kaɗan, a kuma tsare su. Mutanen wurin suka sa wa wannan aiki suna sassabin zamani.

A lokacin yunwar 1984 aka haɗa aikin da rabon abinci, manoma da yawa suka bar itatuwa a gonakinsu. Da rabon ya ƙare, aka sare kusan kashi biyu cikin uku na itatuwan. Wannan gargaɗi ne ga ƙungiyoyin taimako irin tamu: itacen da aka bari domin buhun hatsi ba ya daɗewa bayan buhun ya ƙare. Amma waɗanda suka bar nasu suka ga itacen girki a kusa, abincin dabbobi da rani, da geron da bai lalace ba. Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Bayan shekara ashirin da ɗoriya, masu bincike suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa kusan miliyan 200. A shekarar 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, a shekarar da aka ba Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya farfaɗo da fako ta hanyar haƙa ramukan taki.

Abin da ya ba aikin ƙarfi shi ne tabbacin amfani. A da, itacen gona a Nijar na gwamnati ne, manomi yana iya biyan tara in ya sari wanda ya girma a gonarsa, don haka gwamma ya kashe shi tun yana ƙarami. Da aka sassauta wannan, mutane suka fara tsaron itace kamar yadda suke tsaron tunkiya. A shekarar 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka da ta tabbatar wa manomi haƙƙin itatuwan da ya rena ta wannan hanya.

Itatuwan Maraɗi su ne namu: gawo, kalgo, sabara, aduwa, magarya. Gawo ma abokin gero ne, gama yana zubar da ganye da damina, inuwarsa ba ta danne shuka, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa irin sinadarin da muke saye a buhun yuriya.

Yadda ake sassabin zamani

1. Kafin sassabe, a zagaya fili a nemi kututturen da ke toho da ƙananan itatuwan da suka tsiro da kansu.

2. A zaɓi irin da ake so. Mai farawa zai iya barin kamar 40 a hekta ɗaya, a warwatse.

3. A kowane kututture a bar rassa uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, a sare sauran.

4. A yi amfani da adda ko lauje mai kaifi, a yi saran daga ƙasa zuwa sama domin kada ɓawo ya yage.

5. A rage ƙananan rassan gefe har zuwa rabin tsawon reshen. In an aske shi duka, iska ko akuya za ta karya shi.

6. A ɗaura tsumma mai launi domin kowa ya san wannan yana da mai shi.

7. A dawo bayan 'yan watanni a sake ragewa. Abin da aka rage shi ne itacen girki na farko. Kowace shekara ana iya sare reshe ɗaya, a bar sabon toho ya maye gurbinsa.

Inda babu kututture

A kan fako, inda babu saiwa mai rai, dole a taimaki ƙasa. Ana haƙa rami mai siffar rabin wata, bakinsa yana fuskantar inda ruwa yake gangarowa, a zuba taki, ruwa ya tsaya ya nutse. A ciki ake dasa itace ko a watsa irin ciyawa.

Wurin renon itatuwa ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Ledar fiyawata da aka huda, da ƙasa mai haɗe da yashi da ruɓaɓɓen taki, da 'yar rumfa, sun isa. A fara a watan Maris ko Afrilu, a dasa a watan Yuli in ruwa ya zauna. Ƙwayar gawo da ta kuka suna da ɓawo mai tauri, sai an ɗan kankare gefe ko an jiƙa a ruwan zafi ya kwana. Ƙwayar kaɗanya da ta dogonyaro ba sa jure ajiya, a shuka su da ɗanyensu. Kada a dasa fiye da abin da za a iya kewayewa da ƙaya a kuma ba shi ruwa da ranin farko. Goma da suka rayu sun fi ɗari da suka mutu.

Bayan girbi, kafin ciyawa ta bushe sarai, a share hanya mai faɗi a kewaye wurin domin wuta in ta zo ta rasa abin ci.

Zama da maƙwabta

Shinge da mai gadi kaɗai ba sa tsare daji a ko'ina cikin duniya. Abin da yake tsare shi shi ne maƙwabtan da suka san suna da rabo a ciki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shawararmu ita ce ƙauyukan da ke iyaka da filin jami'a, ko gandun daji na gwamnati, ko filin wata makaranta, su nemi zama da masu kula da filin, ta hannun mai unguwa da hakimi. Kada mu je mu kaɗai. Mu tafi tare da maƙwabtanmu Musulmi, da Fulani makiyaya, da masu sayar da itace, kuma lallai da mata, gama su ne suka fi kowa sanin dajin.

Ga abin da za a iya kai wa teburin shawara. Daga wajen jama'a: hana sa wuta, fita aikin gayya na share hanyar wuta, barin uwayen itatuwa, da sanar da hukuma in an ga masu ƙona gawayi. Daga wajen masu filin: ranakun tsintar busasshen itace, izinin yankan ciyawa a kai wa dabbobi gida, izinin tara iri daga uwayen itatuwa, wurin ajiye amya, da malamai ko ɗalibai da za su zo su koyar a gonakinmu. A bar burtali a buɗe, gama makiyayin da aka toshe wa hanya dole ya bi ta cikin tsiro. Duk abin da aka yarda a rubuta shi, a karanta a gaban kowa, a kuma faɗi hukuncin wanda ya karya. Kafin a sami irin wannan izini, kada kowa ya shiga filin da ba nasa ba da gatari.

Akwai kuma ƙofofin gwamnati da za a ƙwanƙwasa. Kebbi tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Katangar Itatuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Najeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015. A ƙarshen 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL na gyaran ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Ƙungiyar da ke da rajista da shugabanni da aikin da za ta nuna, ita ce ake saurara. Malamin daji na ƙaramar hukuma shi ne mutum na farko da za a tambaya.

Abin da za mu fara bana

Hanya mafi sauri ta rage wa dajin jami'a nauyi ita ce kowane gida ya sami itacen girkinsa a gonarsa. Saboda haka muna roƙon kowane magidanci ya bar kututture a ƙalla goma a sassaben bana. Zumuntar mata za ta iya koyon gina murhun laka mai tsimin itace. Matasa su ɗauki renon itatuwa da hanyar wuta. Mai aron gona ya fara yin magana da mai gonar, domin a san na wane ne itacen in ya girma.

Dattijuwar nan da ta yi mana tambaya tana da gaskiya a abu ɗaya: in ita kaɗai ta bari, wani zai sara. Shi ya sa maganar take bukatar gari duka. Muna roƙo a karanta wannan takarda a taron ƙungiya ko bayan sujada, a tattauna waɗannan tambayoyi:

1. Waɗanne itatuwa ne iyayenmu suka sani a nan waɗanda yanzu ba ma gani? Ina sauran uwayensu suke?

2. Awa nawa mata da yara suke yi a mako wajen neman itace?

3. Wa yake amfani da dajin da ke kusa da mu, wa kuma ya kamata ya zauna a taron shawara?

4. Gonar wa za mu fara gwada sassabin zamani a kai, kuma a wace rana?

Ku aiko mana da amsoshinku ta hannun ma'aikacinmu na yankinku. Ƙauyen da ya tsayar da rana, za mu zo da adda mu yi aikin tare.